Bikin Saba'in na Mama Rebecca

Ku yi mini gafara, ku da kuka san rubutu. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. In kun ga inda na yi tuntuɓe ku tsallake ku wuce, don ba saboda ni za ku karanta ba, saboda tsohuwar da ke ciki ne. To, ga shi.

Ba wanda ya tambayi Mama Rebecca ko tana son a yi mata biki. Ta dai tashi wata safiya ta ji 'ya'yanta biyu a falo suna gardama a kan ko awaki uku za su isa. Da ta leƙo ta ce awakin wa, sai suka tsaya suna kallon juna, kamar ta kama su da hannu cikin tukunya.

"Mama, shekara saba'in za ki cika," in ji Irene, 'yarta, wadda ke aikin jinya a asibiti, kuma ta saba yi wa kowa magana kamar yana kwance a gado. "Za mu yi sujadar godiya a coci ranar Lahadi mai zuwa, daga nan a zo gida a ci abinci."

"Wa ya gaya muku saba'in ne?"

"Mun lissafa."

"Da me kuka lissafa? Uwata ta ce an haife ni shekarar da fara ta cinye acca. Fara kuwa ba sau ɗaya ta zo ba."

Ɗanladi, babban ɗanta, ya yi dariya har da buga cinya. Shi ne ke aiki a matatar mai ta wajen Rido, shi ne kuma ya gina wannan gida a Kamazou ya ɗauko ta daga Unguwar Mu'azu, inda ta zauna tun mijinta na aiki a masaƙa. Ya ce, "Mama, ko da sittin da tara ne, an riga an buga kati. An saye anko. Kina so mu ji kunya?"

Ta yi tsaki ta koma ɗaki. A ranta ta ce su yi abinsu, ai ba ita za ta ɗauki tukunya ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba abin da zan rubuta. Amma da yammar wannan rana sai ga Albert a kan babur ɗinsa, ya rame, idonsa ja. Albert ɗan Mama Judith ne, Mama Judith kuwa ƙawar Mama Rebecca ce tun ranar da jirgin ƙasa ya sauke su a Kaduna suna amare, kowacce da akwatin ƙarfe da kuka a ido. Gida ɗaya suka kama haya a Unguwar Mu'azu, murhu ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma a kan igiyar nan sun yi faɗan da ya fi ƙarfin lissafi. Judith ce ta karɓi haihuwar Irene ranar da ruwa ya hana mota shigowa unguwa. A Zumuntar Mata ta coci, Rebecca ke ɗaga waƙa, Judith ke buga tulu, in Rebecca ta yi saurin ɗagawa Judith ta harare ta a gaban kowa. Tare suka binne mazansu. A duk faɗin Kaduna, Judith kaɗai ta rage da ke kiranta Nanret, sunanta na yarinta.

Wata biyu da suka wuce ɓarin jikin Judith ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Mama Rebecca ta je dubiya sau biyu tana asibiti, daga nan ƙafarta ita ma ta kumbura aka hana ta fita.

Albert ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, likita ya ce ba sauran abin da za su yi. Kawunnai sun ce a kawo ta gida. Za mu kai ta ƙauye, can bayan Pankshin. Ranar Lahadi da yamma, don ita ce kaɗai ranar da ba na aiki."

"Wannan Lahadin?"

"Ita, Mama."

Mama Rebecca ta san abin da ake nufi in an ce a kawo tsohuwa gida. Ba wanda ake kaiwa bayan Pankshin a kan katifa ya dawo Kaduna. Ta ce, "Ka gaya mata ina zuwa. Gobe-goben nan."

Washegari ta yi wanka tun da sassafe, ta ɗaura zaninta na fita, ta zauna bakin ƙofa tana jiran Ɗanladi. Ya fito da makullin mota yana murna. "Yauwa Mama, kin shirya! Tela na jiranmu a Makera."

"Wane tela? Wajen Maman Albert za ni."

"Za mu je, za mu je. Awo kawai za a yi, sai mu wuce."

Telan, Malam Audu, mutumin kirki ne, amma shagonsa cike yake da matan da suka zo karɓar ankon bikinta. Kowacce sai ta rungume ta. Aka zagaya ta da igiyar awo, aka ɗaga mata hannu, aka sauke, aka juya ta. Malam Audu ya shimfiɗa wani leshi mai nauyi kamar bargo, yana ƙyalli har sai mutum ya kanne ido.

"Baba, wannan leshi ko matar gwamna sai haka," in ji shi.

"To a kai wa matar gwamnan. Malam Audu, wannan abin in na faɗi da shi wa zai ɗaga ni?"

"Ai ranar ba tafiya za ki yi ba, Baba. Zama za ki yi."

Kafin su fito rana ta yi tsaka, Ɗanladi na duba agogo yana cewa oga zai cinye shi ɗanye. Ya mayar da ita Kamazou da gudu, ya ce gobe.

Gobe mai hoto ya zo. Ya zaunar da ita kusa da talabijin, ya ɗora mata hannu a kan rediyo, ya ce ta yi murmushi. Ta ce da wane haƙori. Ya ce to ta rufe baki ta yi da ido. Jibi motar ta tafi neman kujeru. Gata ta tafi neman lemo, wanda a wannan lokaci na tsuke bakin aljihu sai da sanin ido ake samunsa. Da Mama Rebecca ta ga haka ta ɗauki jakarta ta ce ita ba mota ta haife ta ba, bas za ta shiga. A bakin ƙofa ta yi karo da Irene ta dawo daga aiki.

"Ina zuwa, Mama?"

"Unguwar Mu'azu."

"A bas? Bas biyu? Da wannan jinin naki?" Irene ta riga ta kama hannunta tana naɗa mata abin awon jini tun suna tsaye. "Kin gani? Ya hau. In kika faɗi a tasha, me zan gaya wa mutanen da muka gayyata?"

"Ki ce musu su ci akuyar, ba ta lalace ba."

"Mama, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Kin san abin da ke hawar mini da jini? Ke da yayanki."

Irene ta karɓe jakar, ta ba ta ƙwaya biyu da ruwa, ta ce ta kwanta, za a kai ta Asabar.

Ranar Asabar kuwa Mama Rebecca ba ta jira kowa ba. Ta lallaɓa ta zare sakata, ta sa ƙafa ɗaya waje, sai ga wata babbar mota ta tsaya tana huci a ƙofar gida. Dangi ne daga Filato, cike, da buhunan acca da dankali da kaji a kwando. Suka diro suna guɗa. Wanda ya san mutanenmu ya san ba a gaishe da baƙon da ya kwana a hanya a tsaye. Sai an zauna, an sha ruwa, an tambayi kowane gida na ƙauye da sunansa, an ji wanda ya mutu da wanda ya haihu da wanda saniyarsa ta ɓata. Ta zauna ta yi ta amsawa, "Lafiya lau, madalla, Allah ya ji ƙansa," idonta na kan ƙofa. Kafin a gama da gidan ƙarshe an fara yanka awaki, kuma wai dole ta zo ta sa musu albarka.

"Awaki ma sai na sa musu albarka? Su da za a yanka?"

Da yamma ta tare Ɗanladi a bayan gida yana ƙirga kujeru. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Ɗanladi, matar nan ta goya ka. Ta wanke maka kashi. Gobe za a ɗauke ta, ba zan ƙara ganinta ba sai a gaban Ubangiji. Abu ɗaya na roƙe ku a makon nan."

Ya sunkuyar da kai, don yaro ne mai tausayi, mantuwa ce kawai ta yi masa yawa. "Mama, na rantse. Gobe da an tashi sujada, kafin a fara cin abinci, ni da kaina zan kai ki. Mu je mu dawo ba wanda ya sani."

Ta dube shi ta ce, "Kada ka rantse. Ka dai yi."

Ranar Lahadi coci ya cika har taga. Aka zaunar da ita a gaba cikin leshin nan, an naɗa mata wani ɗankwali mai tauri da ya tashi sama kamar jinkar rumbu, ba ta iya juya wuya sai ta juya dukan jiki. Fasto ya hau mumbari ya ce yau wa'azinsa a kan tsufa ne, da abin da ya fi muhimmanci a rayuwar mutum in rana ta yi masa yamma. Ya nuna ta da hannu. Ya ce ga misali nan a zaune, uwa a cikin ikilisiya, wadda ta gane cewa kayan duniya ba komai ba ne.

Mama Rebecca ta dubi leshin jikinta ta yi ajiyar zuciya.

Ba ƙarya faston ya yi ba, yaro ne kawai, bai kai shekarun Ɗanladi ba, yana faɗin abin da ya karanta. Ita kuwa ba karantawa ta yi ba, zubewa abubuwan suka yi daga hannunta ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Akwai lokacin da in an taɓa mata jeren kwanukanta na samira sai ta kwana ba barci, yau jikoki ke ba kaji ruwa a cikinsu. Akwai shekarar da ta yi fushi wata uku don an zaɓi wata shugabar Zumunta ba ita ba, yau ta manta sunan matar. Ta so 'ya'yanta su yi karatu, sun yi, har ya yi musu yawa. Ta so gidan siminti, ga shi ta samu, tana zaune a ciki kamar ajiya. Da duk waɗannan suka zube, abin da ya rage a tafin hannunta bai da yawa: Yesu, wanda za ta je wurinsa ba da daɗewa ba, da 'yan mutanen da ya ba ta su yi tafiyar tare. Kuma a ganinta, in ka ce kana ƙaunar na farkon alhali ka bar na biyun a kan katifa yana kallon ƙofa, to, waƙa kawai kake yi. Ga ɗaya daga cikinsu can a Unguwar Mu'azu, an gaya mata "ina zuwa" tun farkon mako. Judith ba ta iya magana, amma Mama Rebecca ta san irin zagin da take yi mata a zuci, kuma ta san ta cancanta.

"Amin?" in ji fasto.

"Amin!" in ji coci.

Ta ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Aka ce baikon godiya, wato sadakar da ake kaiwa gaban coci, kowace ƙungiya za ta fito da rawa. Zumuntar Mata suka fito. Zumuntar Maza suka fito, suna rawa kamar masu ciwon baya. Matasa, mawaƙa, 'yan makarantar Lahadi, abokan aikin Ɗanladi, abokan aikin Irene, mutanen Filato mazauna Kaduna, mutanen Filato da suka zo jiya. Kowace ƙungiya sai an tashe ta ta raka su gaba, taku biyu gaba, ɗaya baya. Ta lura sabuwar mai buga tulu tana jan kiɗan, ba ta cika shi, ta ji kamar ta ƙwace.

Da aka fito rana ta riga ta karkata. Ta kama rigar Ɗanladi a bakin coci. "To, mu tafi."

"Mama, bari mu sauke ki a gida tukuna, mutane su gan ki a kujera. Ki ɗan zauna kaɗan, sai mu sulale."

A gida an kafa rumfuna a tsakar fili har zuwa kan hanya, lasifika na ihu. An ajiye mata wata kujera mai laushi a kan dakali, irin wadda in tsoho ya nutse a ciki sai an jawo shi. Ciyaman, wani abokin Ɗanladi mai son makirufo, ya yi jawabin maraba, ya gabatar da manyan baƙi, ya koma ya gabatar da waɗanda ya manta, ya ba da tarihin rayuwarta wanda rabinsa ita ma yau ta fara ji.

Sai aka zo kan al'adar Zumunta. In ana karrama tsohuwa, kowace mace takan zo da rawa ta yafa mata zani a kafaɗa, ta durƙusa, tsohuwar ta ɗora mata hannu a ka ta sa mata albarka. Ba a tashi sai ta ƙarshe ta wuce, kuma ba a sauke zanen, don wai sauke shi kamar mayar wa mutum kyautarsa ne. Mata suka yi layi har bayan rumfa. Zani a kan zani, a kan leshi, a cikin zafin nan. Tun tana cewa, "Ubangiji ya albarkace ki, ya albarkaci gidanki da 'ya'yanki," har ta koma "Ubangiji ya albarkace ki," har ta koma "Albarka, tashi."

Can cikin layin sai ga Jummai, tsohuwar maƙwabciyarsu ta Unguwar Mu'azu. Ta yafa nata zanen, ta durƙusa, ta matso da baki kusa da kunnenta.

"Maman Ɗanladi, daga gidan Maman Albert nake. An riga an ɗaure kaya a saman mota, an shimfiɗa katifa a ciki. Malam Bello direba ya ce da ya yi la'asar za su kama hanya, ba ya son dare ya same shi a kan dutse."

"Ita fa?"

"Tun safe ta ƙi a juya ta wajen bango. Ƙofa take kallo."

Mama Rebecca ta manta ba ta sa wa Jummai albarka ba. Ta ɗaga hannu daga ƙarƙashin tulin zannuwa tana yafuto Ɗanladi. Ya zo da gudu yana gumi, da kwalbar lemo a kowane hannu.

"Ɗauko mota."

"Mama, motar tana can ciki, motoci sun tare ta ta ko'ina. Kuma yanzun nan manajanmu ya iso da matarsa. In na fita yanzu..."

"Ka ce da kanka za ka kai ni."

"Zan kai ki! A yanka kek kawai, a yi addu'a, a fara ci..."

Irene ta iso tana gyara mata ɗankwali, tana murmushi don mutane na kallo, tana magana ta cikin haƙora. "Mama, don Allah kada ki ba mu kunya. Mutane sun zo daga Jos saboda ke. Kuma gaskiya, a yadda Mama Judith take yanzu, ko kin je ba lalle ta gane ki ba."

"Ni ai na gane ta."

Irene ta saki ɗankwalin. Sai wani ya kira ta wai shinkafa ba ta kai rumfar baya ba, ta tafi. Ɗanladi ma ya tafi wajen manajansa. Mama Rebecca ta zauna cikin zannuwanta tana huci, tana kallon inuwar rumfa na ƙara tsawo a ƙasa. Ta haifi 'ya'ya biyu masu hankali, ta ce a ranta, sun tara mutum ɗari uku don su nuna suna ƙaunarta, kuma a cikin ɗari ukun nan ba mai kai ta Unguwar Mu'azu.

Mace ta ƙarshe ta yafa zaninta ta wuce. Ciyaman ya buga makirufo da yatsa.

"Jama'a, kafin mu taɓa abinci, za mu roƙi dattijon ikilisiya, Baba Matthew, ya yi wa Mamanmu addu'a ta musamman."

Wani ƙaramin nishi ya ratsa rumfunan. Matan da ke wajen murhu suka fara sauke tukwane suna janye itace, don duk wanda ya taɓa zama a cocin nan ya san addu'ar Baba Matthew. Ba ya roƙon komai sai ya fara tuna wa Allah duk abin da ya yi tun daga halittar duniya, bi da bi, kada ya manta. An taɓa ba shi addu'ar buɗe taro, da ya ce amin sai aka yi ta rufewa. Ga shi kuma da tsanani a kan rufe ido. Yakan ce mai buɗe ido cikin addu'a ɓarawo ne, yana satar kallon abin da ba nasa ba.

Ya karɓi makirufo ya gyara tabarau. "Kowa ya sunkuyar da kai. Kowa ya rufe ido. Kai mai jar hula, da kai nake. Masu rabon abinci, ku ajiye faranti. Mai hoto, sauke wannan abin, Allah ba ya bukatar hoto."

Fili ya yi tsit. Kawuna ɗari uku suka sunkuya, har da manaja da matarsa. Baba Matthew ya rufe nasa idon da ƙarfi, ya ɗaga fuska sama, ya fara daga lokacin da babu komai sai duhu da ruwa.

Mama Rebecca ma ta rufe ido, don tun ranar da aka yi mata baftisma a rafi ba ta taɓa buɗe ido cikin addu'a ba. Ta bi shi har aka halicci rana da wata. Wajen halittar kifaye sai wani tunani ya faɗo mata: kowa ido rufe, in ta tashi ba mai ganinta. Ta ce a ranta, wannan tunani daga ina, daga Shaiɗan ko daga wani wurin? Ta auna shi ta ga Shaiɗan bai taɓa aiken mutum dubiya ba. Sai ta yi tata addu'ar, gajera: "Ubangiji, ka ji Baba Matthew, yana da nisa tukuna. Ni kuma ka san inda za ni. Ka riƙe mini ƙafa, ka riƙe Malam Bello."

Ta buɗe ido ɗaya. Ba ta taɓa ganin yadda mutane suke ba in suna addu'a. Ga Irene ta haɗe gira kamar tana yi wa Allah awon jini. Ga Ɗanladi da kwalabensa a hannu, leɓensa na motsi. Tausayinsu ya kama ta, 'yan banza, suna ƙaunarta da gaske, ba su dai san yadda ake yi ba ne.

Fita daga kujerar ya fi komai wuya. Ta zame ƙasa a hankali ta ƙarƙashin zannuwan, kamar mai fita daga rami, ta bar su a tsaye a kan kujera yadda suke, tuli guda. Ɗankwalin ya maƙale, ta cire shi ta ɗora a saman tulin. Ta zaro zani ɗaya daga gefe ta rufa a kan leshin, ta cire takalman da suka matse ta tun safe ta riƙe a hannu. Gwiwarta ta yi ƙara, ta tsaya cik. Ba wanda ya motsa. Baba Matthew na fitar da Adamu da Hauwa'u daga gonar, yana yi musu faɗa.

Ta bi ta bayan rumfa, ta ratsa tsakanin matan murhu da ke tsaye ido rufe da ludaya a hannu. A nan ta ga tukunyar gwaten acca an sauke, yana tururi. Nama Judith ba za ta iya taunawa ba, amma gwate zai wuce. Ta ɗebi ludayi biyu a wani ɗan kwano mai murfi, ta ƙara rabi, don Judith ba ta taɓa yarda an zuba mata daidai ba.

Ƙofar baya tana buɗe. Ta sa takalmanta a waje, ta dafa bango ta huta kaɗan, sannan ta kama 'yar hanyar da ke fita titi, kwano a hannu, leshi na jan ƙasa. Ba a kira la'asar ba tukuna. Daga nesa ta hango wata bas tana tahowa, yaron motar na rataye a ƙofa yana kiran Kasuwa, ta ɗaga kwanon sama ta tsayar da ita.

A bayanta lasifika na ta yi. Ruwan tsufana ya fara sauka, Nuhu bai ma rufe ƙofar jirgi ba, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, kowa ido rufe.